Noman kayan miya da furanni a gida idan sanyi ya ƙi tafiya: jagora ga mazauna Birtaniya

Bahaushen da zama ya kai shi Birtaniya, in dai ya samu ɗan fili a bayan gida ko baranda mai shan rana, da wuya bai yi sha'awar shuka ɗan kayan miya ba. Attaruhu yana da tsada, alayyafon da ake sayarwa cikin leda ba irin namu ba ne, yakuwa kuwa sai an yi tattaki kafin a same ta. To amma watannin da ake fama da zafin bazara a Kano ko Damagaram, wato Maris, Afrilu da Mayu, a nan lokaci ne mai yaudara. Da rana gari zai yi haske, itatuwa su yi toho, kantuna su jera tsiron tumatir a bakin ƙofa. Da dare sai raɓa ta daskare, ta kwanta fari fat a kan ciyawa, gari ya waye tsiron da aka dasa jiya ya yi baƙi ya kwanta.

Wasu shekarun abin ya fi tsanani. Bazarar 2013 ita ce mafi sanyi da ƙasar ta gani tun 1962. A 2021 kuma hukumar hasashen yanayi, Met Office, ta ce an shekara aƙalla 60 ba a ga Afrilun da raɓa ta daskare a darare masu yawa kamar nasa ba, sannan Mayu ya biyo da sanyi da ruwa. A irin wannan shekara, watan da aka rubuta a bayan takardar iri ba shi ne abin bi ba. Abin bi shi ne ɗumin ƙasa da sanyin dare.

Fara da sanin lokacin da raɓar ƙanƙara ke ɗaukewa a garinka

A kudancin Ingila, musamman tsakiyar Landan inda gine-gine ke riƙe ɗumi, yawanci takan ɗauke zuwa ƙarshen Afrilu. A Birmingham, Manchester da Leeds sai tsakiya ko ƙarshen Mayu. A sassa da dama na Sikotlan har farkon Yuni ba a sakin jiki. Idan shekarar mai sanyi ce, ƙara mako biyu a kan wannan lissafi. Tsofaffin masu lambu a Ingila ba sa fitar da tsiro marar jure sanyi sai an yi bikin nunin furanni na Chelsea, wanda ake yi a ƙarshe-ƙarshen Mayu. 'Yan'uwanmu da ke Jamus za su ji maƙwabta suna cewa a jira 15 ga Mayu ta wuce, dalilin duk ɗaya ne.

Sai ka dubi gidanka da kyau. A wannan ɓangare na duniya rana ta kudu take bi, don haka bango ko tagar da ke kallon kudu ita ce wuri mafi daraja. Bangon bulo yakan sha zafin rana da yini ya sake shi da dare. Iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, gangarawa take yi ta taru a kwari da gindin shinge. Duk inda ka ga farin raɓa ya daɗe bai narke ba da safe, kada ka kai tumatir wurin.

Raba irinka gida biyu

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma wanda ya taɓa ganin lambun rani ya riga ya san rabinsa. Kayan da ake nomawa a fadama cikin hunturu, ko a tsaunukan Jos, irin su latas, kabeji, karas, albasa, fis da dankalin Turawa, su ne ke son bazarar Turai. Ban da dankalin da ganyensa ke ƙonewa, sauran duk suna jure ɗan daskarewar raɓa. Waɗannan su ne 'yan waje.

Gida na biyu su ne 'yan ɗaki: tumatir, attaruhu, tattasai, gauta, kuɓewa, alayyafo, yakuwa, lalo, kabewa, masara da wake. Kada ganin ana noman tumatir cikin hunturu a Kadawa ya ruɗe ka. Sanyin Kano, duk tsananinsa, ba ya daskarar da ruwa. A nan dare ɗaya da ma'auni ya taɓa sifili ya isa ya kashe su, kuma ko bai kai haka ba, tumatir yakan tsaya cak idan dare ya yi ƙasa da digiri 10.

Auna ƙasa kafin ka zuba mata iri

Sayi ma'aunin zafin ƙasa, ba shi da tsada. Soka shi zurfin santimita 5 zuwa 10 da safe, kwana uku ko huɗu a jere. Idan bai kai digiri 7 ba, ko irin 'yan waje kada ka shuka, don zai kwanta cikin danshi ya ruɓe ko ɓera ya tone shi. Wake da masara suna son 12 zuwa sama. Wanda ba shi da ma'auni ya duba ciyawa: idan ƙananan ciyayi sun fara tsirowa da yawa a fangalin, ƙasa ta farka.

Danshi ma abin dubawa ne. Yawancin bayan gidajen Ingila laka ce mai riƙe ruwa, kuma ƙasa mai ruwa ba ta saurin ɗumama. Dunƙula ta a hannu. In ta maƙale ta yi santsi, bar ta, kada ka kafce ta, kada ma ka taka ta, in ba haka ba ta taurare ta hana saiwa numfashi har ƙarshen shekara. In ta wargaje da ɗan matsi, ta yi.

Ana iya taimaka mata. Shimfiɗa baƙar leda a kan fangalin mako biyu zuwa uku kafin shuka, ka danne gefuna da bulo. Za ta hana ruwan sama ƙara jiƙa wurin, ta kuma tara ɗumi. Fangalin da aka ɗaga da katako, ko kunya irin tamu, ya fi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa saurin tsanewa da ɗumama. Ruɓaɓɓen taki a baza shi a sama kawai, tsutsotsin ƙasa za su shigar da shi. Takin zamani kuwa a dakata da shi: saiwar da ke cikin sanyi ba ta iya sha, ruwa ne zai wanke shi, wanda aka sha kuma sai ya fito da ganye mai taushi da sanyi ke fara kamawa.

'Yan waje

Da zarar ƙasa ta kai digiri 7, fara da fis da faffaɗan waken Turai, wanda ya fi kowa jure sanyi, musamman nau'in Aquadulce Claudia. Zurfin santimita 5, tazarar 20 ga waken, tazarar 5 ga fis. Albasa kada ka wahalar da kanka da ƙwayar iri a shekarar farko. Ana sayar da ƙananan 'ya'yanta na dashe, ka soka su tazarar santimita 10, kan ya ɗan leƙo. Nau'in albasar da ake kira Sturon ba ta ba da wahala. Jar albasa irin su Red Baron a jinkirta ta zuwa Afrilu, domin idan sanyi ya buge ta tana ƙarama sai ta yi saurin fitar da kan fure maimakon ta yi ƙwai. Karas a yafa shi sama-sama, zurfin santimita 1, kuma a wurin da zai zauna, don ba ya son dashe. Latas da kabeji sun fi kyau a tsirar da su cikin faranti a bakin taga, a fitar idan sun yi ganye huɗu ko biyar.

Dankalin Turawa a sayi na iri, a jera shi cikin kwalin ƙwai a wuri mai haske da sanyi-sanyi har ya yi gajeren toho mai kauri. A binne zurfin santimita 12, tazarar 30. Nau'o'in farko irin su Rocket da Swift sukan nuna cikin mako 10 zuwa 12. Ba fili? Buhu ko bokiti mai cin lita 30 zuwa 40, da aka huda ƙasansa, zai ɗauki biyu ko uku. Duk lokacin da toho ya leƙo kuma aka yi hasashen sanyi, ja ƙasa ka rufe shi ruf. Zai sake fitowa da ƙarfi.

Renon 'yan ɗaki

A nan aikin yake, kuma a nan mutane suka fi yin asara.

Attaruhu shi ne farkon shuka, tun ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, saboda yana da nawa. Irin yana son ɗumin digiri 25 zuwa 30, kuma ko ya samu yakan yi mako biyu zuwa huɗu bai tsiro ba. Bayan dashe ma sai ya yi wata uku ko huɗu kafin ya nuna. Tattasai da gauta su biyo a Fabrairu zuwa farkon Maris. Tumatir kuwa kada a yi masa gaggawa. Ƙirga mako shida zuwa takwas baya daga ranar da za ka fitar da shi. Ga mai shirin dashe a farkon Yuni, farkon Afrilu ya isa. Sauri kan haifi nawa: tumatirin da aka shuka a Fabrairu ya yi wata uku yana wahala a taga, sau da yawa na Afrilu kan kamo shi ya wuce. Zaɓi masu ƙananan 'ya'ya irin su Gardener's Delight ko Sungold, sun fi manya saurin nuna a gajeren lokacin zafi na ƙasar. Crimson Crush kuma yana jure cutar da ke ƙone ganye idan ruwa ya yi yawa a Agusta.

Yi amfani da ƙasar buhu ta renon iri, ba ta bayan gida ba. Robar yogot da aka huda ƙasanta ta isa. Jiƙa ƙasar tukuna, ka ajiye iri, ka rufe shi da ƙasa kamar ninki biyu na kaurinsa, ka sa robar cikin farar leda, ka ajiye a wuri mafi ɗumi a gidan, kusa da tukunyar ɗumama ruwa ko kan kanta kusa da hita. Akwai faranti mai aiki da lantarki da ke ɗumama iri daga ƙasa, ga mai son attaruhu da gaske kuɗinsa ba asara ba ne.

Ranar da ka ga tsiro, cire ledar ka kai shi haske. Ɗumi ne ke tsirar da iri, amma bayan haka haske yake nema. A farkon Fabrairu hasken yini bai kai awa 10 ba, shi ma raunana ne. Tsiron da ya samu zafin hita ba haske sai ya yi tsawo siriri, fari-fari, yana karkata wajen taga. Maganinsa shi ne taga mai kallon kudu, a riƙa juya robar kullum, a jingina kwali mai farar takarda ko takardar alminiyam a bayansa don ta mayar da haske, a kuma rage masa zafi zuwa digiri 16 ko 18. Fitilar lantarki ta renon tsirrai, awa 14 zuwa 16 a yini, ta fi duk waɗannan. Tumatirin da ya riga ya yi tsawo bai lalace ba. Idan za ka sauya masa tukunya, binne karan har zuwa ganyen farko, zai yi saiwa a jikinsa.

Abu biyu kan kashe tsiro a taga. Na farko shi ne labule: idan aka ja shi da dare aka bar tsiro tsakaninsa da gilashi, an kulle shi ke nan a wuri mafi sanyi a ɗakin. A sauko da shi kafin a kwanta. Na biyu yawan ban ruwa. Mu da muka taso inda rana ke shanye ruwa cikin awa guda, hannunmu ya saba da zubawa safe da yamma. A nan ƙasar roba takan yi kwana uku ko huɗu da danshi. Idan ta yi yawa sai naman gwari ya kama gindin tsiron, ya tsuke, ya faɗi, kuma ba ya tashi. Taɓa da yatsa tukuna. In sama ta bushe, zuba ruwan da ya kwana a ɗaki cikin faranti, ka tsoma robar ta sha ta ƙasa minti goma, ka zubar da ragowar.

Idan lokacin fita ya yi amma sanyi bai tafi ba, kada ka bar su a matse. Da ka ga saiwa ta leƙo ta ƙasan roba, mayar da su babbar tukunya su ci gaba da jira.

Kayan miyanmu na gida

Kowa da halinsa, kuma gara a san shi tun kafin a sa rai.

Alayyafo shi ne mafi sauƙi. Mutanen Jamaika sun daɗe suna noma shi a lambunan haya na Birmingham da Landan, kuma da sunan da suke kiransa, kalalu, aka fi samun irinsa. A tsirar da shi a ɗaki a ƙarshen Afrilu ko a yafa a waje cikin Yuni. Idan ya kai kamu ɗaya da rabi a riƙa yankan kansa, zai yi ta rassa har Satumba. Kabewa da masara a shuka su ɗaya-ɗaya a roba a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Masara a dasa ta a dunƙule, layi huɗu-huɗu, domin iska ce ke kai mata garin bununi. In aka yi layi ɗaya zangarniyar takan fito da giɓi.

Kuɓewa da lalo 'yan zafi ne na gaske. A fili sukan tsumbure ko da sanyi bai kashe su ba. Sai da ɗakin gilashi, ko rumfar leda, ko babbar taga mai rana. A jiƙa irin kuɓewa ya kwana cikin ruwa mai ɗumi, a shuka a Afrilu, kuma a sa rai da miya 'yan tukwane, ba kwando ba. Yakuwa za ta ba ka ganye mai kyau idan ta samu ɗumi, amma kada ka jira zoɓo. Ba ta fure sai yini ya gajarta, a nan kuwa yinin Yuni ya wuce awa 16, kuma kafin ya gajarta sanyin Oktoba ya iso. Zogale a tukunya zai zauna, ya sha rana a waje daga Yuni, a shigo da shi kafin ƙarshen Satumba.

Irin albasar gida ma tsawon yini ne ke ɓata shi. An saba da shi da yinin awa 12, don haka a nan yakan fara ƙwai tun ganyensa bai yi ƙarfi ba, ya tsaya ƙanana. Sannan a tuna dokar shigo da tsirrai da iri cikin Birtaniya tana da tsauri, da yawansu sai da takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma an fi sa ido a kan irin tumatir da na barkono saboda cututtuka. Sayen iri a cikin ƙasar ya fi kwanciyar hankali.

Furanni

Rabon nan na gida biyu ya shafe su. Fansi, fayola da firimros suna fure cikin sanyi, su ne za su raya ƙofar gida a Maris da Afrilu. Kalandula da wani shuɗin fure da ake kira konfulawa ana yafa irinsu a waje lokaci ɗaya da karas. Dafodil da tulif da kake gani ko'ina a wannan lokaci tun kaka aka binne su, dafodil a Satumba ko Oktoba, tulif a Nuwamba, don sai sun sha sanyi suke fure. Bayan furen ya bushe a bar ganyen mako shida, shi ne ke ciyar da ƙwan na baɗi. Hattara da ƙwan dafodil, kamarsa ɗaya da albasa kuma guba ne, kada a ajiye shi a kicin ko inda yara ke kaiwa.

Fetuniya, begoniya, jeraniyam, daliya, kosmos, ziniya da marigol kuwa 'yan ɗaki ne. Kantuna kan fito da su tun Afrilu suna sheƙi, amma daga ɗakin gilashi mai ɗumi suka zo. In ka saya, ka rene su a taga tare da tumatir. Ni dai ina ganin ko fili ya yi ƙanƙanta ya kamata a bar wa furanni kusurwa, ko don ƙudan zuman da kabewa da wake ke bukata.

Sabar da tsiro da waje

Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san iska ba, bai san rana kai tsaye ba, fatar ganyensa siririya ce. Fitar da shi kamar yaye ne, a hankali ake yi. Zaɓi yinin da ya haura digiri 12 kuma ba iska, ka ajiye su a inuwa gindin bango awa biyu, ka shigo da su. Kullum ka ƙara lokaci, ka ƙara matsar da su wajen rana. Bayan mako guda su yini a waje su kwana a ciki. A mako na biyu su fara kwana a waje da mayafi, in dare bai yi ƙasa da digiri 10 ba. A shekara mai sanyi a ba abin mako uku. Ganyen da ya yi fari kamar takarda rana ce ta ƙone shi. Ganyen tumatir da bayansa ya koma shunayya kuwa sanyi ne ya hana saiwa shan sinadarin fosfaras, zai warware idan ya samu ɗumi.

Daren da aka yi hasashen sanyi

Duba hasashe kowace yamma har Mayu ya ƙare. Daren haɗari shi ne wanda sama ta yi tas, taurari suka fito, iska ta kwanta, domin gajimare ne ke tare ɗumin ƙasa. Kuma ma'aunin hukuma yana sama da ƙasa da fiye da mita ɗaya, don haka idan an ce digiri 3 ko 4, a kan ganye yana iya zama sifili. Ɗauki 4 a matsayin gargaɗi.

Kafin magariba ka rufe fangali da farin mayafin lambu da ake kira filis. Yana barin haske da ruwa su shiga, yana ƙara ɗumin digiri biyu ko uku, ninki biyu ya fi. Tsohon labule, zanin gado ko jarida ma suna yi. Leda kada ta taɓa ganye, sanyi na ratsa ta. Ƙananan tsirrai a kifa musu robar lemo mai lita 2 da aka yanke gindinta, a cire murfin da rana. Tukwane a tara su wuri ɗaya jikin bango, ko a shigo da su, don saiwar da ke tukunya ta fi ta ƙasa saurin daskarewa. Idan ƙasa ta bushe a ba ta ruwa da hantsi, mai ɗan danshi ta fi busasshiya riƙe ɗumi. Da safe a yaye mayafin.

In kuma sanyin ya riga ya kama, tare musu hasken safiya da kwali su narke a hankali, kuma kada ka yanke komai sai bayan kwana uku ko huɗu. Dankali da daliya za su sake toho daga ƙasa. Tumatirin da ganyensa kaɗai ya ƙone zai farfaɗo. Wanda karansa ya yi baƙi ya yi ruwa ya tafi, sai a sayi wani tsiron, kantuna suna da shi har tsakiyar Yuni.

Dashe

Idan hasashen kwana goma ya nuna dare ba zai sauka ƙasa da digiri 10 ba, lokaci ya yi. Yi dashe da yamma ko ranar da akwai gajimare. Tumatir tazarar santimita 45 zuwa 60, ko tukunya mai cin lita 10 zuwa sama, da sanda a gefensa tun ranar farko. Attaruhu ya fi yin kyau a baƙar tukunya jikin bangon kudu, ko ya ci gaba da zama a taga, inda za ka riƙa ɗan girgiza shi idan ya yi fure tunda ba ƙudan zuma a ɗaki. Takin tumatir na ruwa sai furen farko ya ƙulla 'ya'ya, sau ɗaya a mako.

Makon farko abokin gabarka shi ne dodon-koɗi, mai gida da marar gida. Bazara mai sanyi da ruwa ita ce lokacinsu, kuma cikin dare ɗaya sukan share layin latas ko alayyafo. Fita da tocila bayan isha ka tsince su, ka kuma ajiye katako a ƙasa, da safe za ka same su a ƙarƙashi. Maganin da ke da sinadarin metaldihaid an haramta amfani da shi tun Afrilun 2022 saboda yana kashe tsuntsaye da bushiya. Wanda aka yarda da shi shi ne mai sinadarin ƙarfe, ferik fosfet, a warwatsa shi kaɗan-kaɗan tsakanin tsirrai, a sake bayan ruwan sama mai yawa.